Ƙuri'ar ƙaramin gari ba ta da arha kamar yadda ɗan birni ke zato

Duk lokacin da aka fara tattara sakamakon zaɓe a Kano, akwai maganar da ake maimaitawa a majalisun hira na birni, daga Fagge har Gwale, cewa a dakata tukuna sai akwatunan ƙauye sun iso, domin can ne ake sayen mutum da taliya da sabulu da turmin atamfa. A ganina wannan magana ta fi bayyana girman kan ɗan birni fiye da sanin yadda ƙananan garuruwan jihar nan suke yanke shawara.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma takwas kaɗai ake lissafawa a cikin birni da kewayensa, saboda haka babu zaɓaɓɓen gwamnan da ya taɓa shiga gidan gwamnati ba tare da amincewar mutanen karkara ba. Da a ce kuɗi ne kaɗai ke juya su, da mai riƙe da baitulmali bai taɓa faɗuwa ba, alhali a 2003 Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2011 kuwa jihar ta ba Muhammadu Buhari na CPC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, bayan kwana goma ta mayar da Kwankwaso kujerar gwamna a PDP. Wanda ya iya raba ƙuri'arsa haka ya san abin da yake yi.

Wannan ɗabi'a tana da tushe. Tun bayan kafa NEPU a 1950, siyasar Malam Aminu Kano ta samu gindin zama a karkara ne domin ta taɓa abin da ke ci wa manomi da makiyayi tuwo a ƙwarya, wato haraji da jangali da aikin tilas. Da PRP ta ci zaɓen 1979, Abubakar Rimi, mutumin Sumaila, ya soke haraji da jangali, kuma har yau dattawan ƙauye suna ambaton wannan idan ana zancen gwamnoni. Abin da ƙaramin gari yake riƙewa a zuciya shi ne aikin da ya shigo gidansa, ko da jam'iyyar da ta yi shi ta daɗe da rushewa.

Wanda ya zauna a irin waɗannan garuruwa gab da zaɓe ya san inda ake ƙulla magana. Bayan sallar isha'i ne, a kan tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, inda za a ga dillalin hatsi da ke ba mutane rance lokacin damina, da shugaban matasa, da malamin firamare mai ritaya. Lissafin da ake yi a wurin a fili yake: wa ya gyara gadar da ruwa ya cinye, wa ya kawo taransifoma, wa ya sa takin gwamnati ya iso kafin shuka ta wuce, wa kuma ya ɗauke waya tun ranar da aka rantsar da shi. Mata suna da nasu zauren a gidajen suna da biki da makarantun Islamiyya, kuma sau da yawa matar da ta karɓi taliyar ɓangarori biyu ita kaɗai ta san inda ta dangwala yatsa.

Ban musanta cewa ana sayen ƙuri'a ba, kuma son ɗan gari yana da ƙarfi, domin mutum yana ganin idan nasu ya hau zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai birni ba shi da bakin yi wa kowa gori. Mazaɓar Gama, wadda masu sa ido suka ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da masu zaɓe a cikinta a zagaye na biyu na zaɓen gwamna na 2019, tana cikin ƙaramar hukumar Nassarawa ne, a tsakiyar gari.

Matsalar da ta fi damuna ita ce gwamnatin da ta fi kusa da ƙaramin gari ba ya da ta cewa a kanta. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da na 2021, APC mai mulki ce ta lashe kujerun ciyamomi 44 duka, a 2024 kuma NNPP mai mulki ta yi daidai irin haka. Ciyaman ko kansilan da ya san daga Kano aka rubuto sunansa ba zai ji tsoron tabarmar ƙofar gidan dattijo ba. Shi ya sa mutanen gari suke tara dukkan buƙatunsu, har da na rijiyar burtsatse da rufin aji, su jira babban zaɓe su ɗora wa ɗan takarar gwamna ko na majalisar tarayya, domin shi ne kaɗai zaɓen da suke da tabbacin za a ƙirga ƙuri'arsu a cikinsa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma hukumar da ke shirya zaɓensu tana nan a hannun gwamnatin jiha.