Tayoyi a sama, kaya kamar dutse

Wallahi abin nan ya ishe ni! Ka bi hanyar Sakkwato zuwa Illela ko ta Gusau ka gani: tirela ta sha buhunan siminti ko albasa har ta karkace, amma gatarin tayoyin tsakiya, wato aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, yana rataye a sama, bai ko taɓa kwalta ba. Don Allah, wa aka ajiye wa tayoyin nan? Masu ƙera mota sun yi shi ne don a ɗage idan mota ba kaya, a rage cin taya da mai, a sauke da zarar an yi lodi domin nauyi ya rarrabu. Mu nan sai a yi lodin mota biyu a kan ɗaya, a bar shi a ɗage wai ana tattalin taya! To hanyar fa, ta uban wa ce? Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan nauyin gatari ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan kai ninki 16. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ce ga gatari guda, amma wa ke aunawa? Ina sikelin? Kwalta ta lotsa ta yi kwari biyu, mai babur na tangal-tangal a ciki, mai keke-napep kullum yana wurin makanike, damina ta zo ramin ya koma tafki, tirelar kanta ta fasa taya ta kwanta tsakiyar hanya, a jera mata ganye, mu kwana muna jira, ga mai haƙuri a bayan mota za a kai asibiti!