Falo da ɗumi, ɗakin kwana kamar firiji, wai kuma laifin famfo ne

Duk shekara in sanyi ya shigo Ingila sai an maimaita wannan takaici. Mutum ya zuba kuɗi an shimfiɗa masa bututun ruwan ɗumi a ƙarƙashin daɓe, falo ya ɗumama, ɗakin ƙurya kuwa ko ƙafa ba ka iya sawa. A kira mai gyara, ya zo ya murɗa famfo mai tura ruwan cikin bututun zuwa lamba 3, wato gudu mafi ƙarfi, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Wannan gyara ne ko cuta?

Famfon nan ba abin da ya yi. Waɗanda suka haɗa aikin ne suka tafi ba su saita komai ba. Famfunan kamfanoni irin su Grundfos da Wilo suna zuwa da saiti uku: matsi mai hawa da sauka, matsi tsayayye, da gudu tsayayye. Na farkon ya fi dacewa da ƙarafan ɗumama ɗaki na jikin bango. Daɓe matsi tsayayye yake so, domin bawul ɗin ɗakuna, wato makullan da ke sakar wa kowane ɗaki ruwa, suna yini suna buɗewa da rufewa, in kuwa matsi ya sauka sa'ad da wasu suka rufe, bututu mafi tsawo ne zai sha ƙishi. Amma sau nawa ake barin famfo yadda ya fito daga kwali!

Ruwa gajeriyar hanya yake nema. Kowane ɗaki da nasa zagayen bututu: zagayen banɗaki mai mita 30 zai kwashe rabon kowa, mai mita 90 ya tashi a tutar babu. Ƙara gudu ba ya sauya wannan, sai dai ƙugi a bututu da kuɗin wuta. Maganin yana mararrabar bututun, inda kowane zagaye ke da ɗan gilashin awo mai nuna lita nawa ke wucewa a minti, yawanci tsakanin 1 da 3. A buɗe dukkan ɗakuna, a matse wa gajerun, dogayen su samu. Aikin da bai kai awa guda ba, shi ake wa ƙyuya.

In gilashin ya tsaya a sifili, ko iska ce ta toshe, ko allurar bawul ta maƙale. A kwance kan lantarkin da ke bisa bawul ɗin, a danna allurar, ya kamata ta dawo da kanta. Iska kuwa zagaye ɗaya-ɗaya ake korar ta, sauran a rufe, sannan a mayar da matsin ruwa wajen "bar" 1 zuwa 1.5 a ma'aunin matsi. Kan lantarkin yana ɗaukar minti uku zuwa huɗu kafin ya buɗe, siminti kuma sai ya yi awoyi kafin a ji ɗumi, don haka a daina yanke hukunci a tsaye.

Sai masu cewa a ƙara zafin ruwa. Haba! Bawul mai sirka ruwa digiri 35 zuwa 45 ya ishe shi. Saman daɓe bai kamata ya wuce digiri 29 ba, na katako 27, in ba haka ba katakon ya lanƙwashe.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne rashin rubuta sunan ɗaki a kan kowane bututu. Ma'aunin zafin ɗakin kwana ya nemi ɗumi, bawul ɗin kicin ya buɗe saboda an musanya waya, mai gida ya kwana da bargo biyu, kicin na gumi babu kowa a ciki.