Baƙuwar ƙwayar zarra ba kullum take ɓarna ba

Na ji daɗin labarin da na karanta a kan kiristal, wato abu mai tauri irin daiman da ƙwayoyin zarrarsa (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu) ke jere cikin tsari, amma marubucin ya nuna kamar duk baƙuwar ƙwayar zarra da ta shiga cikin kiristal lalata shi take yi. A nan ne ban yarda ba.

Ƙwayoyin zarra ba sa zama shiru, kullum kaɗawa suke, kuma a daiman wannan kaɗawar ce ke ɗaukar zafi daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kaɗawar ta ci karo da ƙwayar da nauyinta ya bambanta, sai ta watse, zafin ya rage gudu. Daiman da sinadarin kabon aka yi shi, kuma a wanda ake haƙowa daga ƙasa, kusan kashi 1.1 cikin ɗari na kabon ɗinsa kabon-13 ne, nau'in da ya ɗan fi sauran, wato kabon-12, nauyi. A 1990 masana a kamfanin General Electric suka haɗa daiman mai kusan zallar kabon-12, sai saurin wucewar zafi a cikinsa ya ƙaru da kusan rabi. Bambanci ɗan ƙanƙani haka, jama'a!

To amma wani lokaci hana zafin wucewa ake nema. Kumbunan Voyager da Amurka ta harba a 1977 suna samun lantarki ne ta gaurayen sinadaran silikon da jamaniyam da ke mayar da zafi lantarki, domin cakuɗar tana hana zafi tserewa alhali lantarki na wucewa.

Don Allah a labari na gaba a kawo mana aikin masanin kimiyya Philip Anderson na 1958, wanda ya nuna yadda rashin tsari kan iya kulle igiyar motsi a wuri guda.