Ba daga na bakwai aka fara ba

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma ka fara tarihin jerin wasannin bidiyo na Final Fantasy daga na bakwai kamar shi ne mafari. Tun 1987 kamfanin Square na Japan ya fitar da na farko, ƙarƙashin Hironobu Sakaguchi. Na bakwai ɗin, na 1997 a PlayStation, shi ne dai muka sani nan Kaduna. Faifai uku ne. Mukan cika wani shagon wasa a Tudun Wada, muna haɗa Turancin da ƙyar. Ranar da mugun cikin wasan, Sephiroth, ya kashe Aerith, ɗaya daga cikin jaruman, wallahi shagon tsit ya yi, wani yaro har da hawaye. Kuma yaya aka yi ka manta Nobuo Uematsu, mai kiɗan? Har gobe idan na ji shi jikina sanyi yake yi.