Masu kushe opera ta bidiyo, ina kujerarmu?

Tun da hukumar UNESCO ta sanya salon waƙar opera na Italiya (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa a dandali) cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2023, wasu masu ji da kansu suka samu abin taunawa. Wai ainihin fasahar ita ce murya ta cika zaure babu makirufo, saboda haka duk opera da aka ɗauka a bidiyo jabu ce, mai kallonta a allo kuwa ƙanshin miya kawai ya ji. Maganar nan ta ishe ni.

A tambaye su mana, wa ke samun kujera a gidan opera na La Scala da ke Milan ranar 7 ga Disamba, daren da ake buɗe kakar wasa? Zauren na ɗaukar kimanin mutum 2,000 ne, tikitin manyan kujeru kuma ya haura Yuro 2,000. Sauran 'yan Italiya, waɗanda harajinsu ke tallafa wa gidan, a tashar talabijin ta RAI suke kallo daga falonsu. Su ma jabu ake ba su ke nan?

Ni dai shaidata Tosca ce, operar da Puccini ɗan Italiya ya tsara, aka fara nuna ta a Rum a 1900. A 1964 aka ɗauki kashi na biyu a dandalin Covent Garden na Landan, hoto baƙi da fari, shahararriyar mawaƙiya Maria Callas a matsayin Tosca, Tito Gobbi a matsayin Scarpia, shugaban 'yan sandan da ya ce sai ta ba shi kanta kafin ya bar masoyinta da rai. Yana can yana rubuta takardar izinin fita, ita kuma ta matso teburin abinci ta ɗauki kofin giya, hannu na rawa. Sai idonta ya faɗa kan wuƙa. Ba ta ce uffan ba, amma a fuskarta kana ganin lokacin da ta yanke shawara. Wanda ya biya kuɗi ya zauna can ƙololuwar bene bai ga wannan ba, doron kanta kawai ya hango. Bayan ta caka wa Scarpia wuƙar, ga ta tana ajiye kyandir biyu a gefen gawar da gicciye a ƙirjinsa, a tsorace.

Callas ta yi wasan opera na ƙarshe a dandali a 1965, ta rasu a Paris a 1977, hotunan bidiyonta cikin kayan wasa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Da an bi ta masu kushen nan, da ko wannan ba mu da shi, sai labarin tsofaffi. Mu nan mun san zancen: yawancin masu rera waƙar Shata yau ta kaset da rediyo suka san shi.

Za su ce makirufo yana ɗaga ƙaramar murya ta yi daidai da babba. Haka ne, sai me? Ni ina zargin abin da ke cin su shi ne talaka ya leƙo, tun daga 2006 da gidan Metropolitan na New York ya fara haska wasanninsa kai tsaye a sinimomi.

Gidajen da ke cin kuɗin gwamnati su buɗe rumbunansu kyauta a intanet, a sa fassara a ƙasan hoto. A fara da Tosca.