Kafin a zuba sabuwar kwalta, a nuna mana awon da aka yi

Da zarar damina ta ɗauke, sai motocin kwalta su bazu a manyan hanyoyinmu. A share ƙura, a fesa baƙin mai, a shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa, rola ta bi ta daddanne. Titi ya yi baƙi wuluk, direbobi na ta sa albarka. Kafin a yi nisa, ramukan da aka binne sun sake buɗe baki, kuma a daidai inda suke tun farko. Jama'a kan ce cinye kuɗin aka yi, sau da yawa kuma da gaskiyarsu. Sai dai ko da ba wanda ya taɓa sisin kwabo, aikin da aka yi shi da ka, ba awo ba lissafi, ƙarshensa ke nan.

Abin da nake kira a kai shi ne, duk wata kwangilar sabunta kwalta mai tsawo, ta tarayya ce ko ta jiha, kada a sa mata hannu sai an auna titin, an zana gyaran a manhajar zanen hanya, an kuma ajiye zanen inda za a iya ɗauko shi a binciki aikin da shi.

Manhajojin ba baƙi ba ne ga injiniyoyinmu. Akwai Civil 3D ta kamfanin Autodesk, akwai OpenRoads Designer ta kamfanin Bentley, da wasunsu. Masu safiyo ne ke fara shiga fili, su ɗauki tsayi da faɗin titin da na'urorin da ke aiki da tauraron ɗan adam, ko kuma da mota mai ɗauke da na'urar haske da ake kira LiDAR, wadda ke ɗaukar siffar titin tana tafe. Daga wannan awo manhaja za ta gina siffar titin yadda yake a yau, da tudunsa da kwarinsa. Injiniya ya ɗora siffar da yake so titin ya koma. Tazarar da ke tsakanin siffofin biyu ita ce aikin: nan sai an kankare tsohuwar kwalta, can sai an yi ciko kafin a shimfiɗa ta sama, wancan wuri kuma shimfiɗa ɗaya ta isa.

Dalilin wannan wahala duka ruwa ne. Ana gina titin kwalta da ɗan doro a tsakiya, ya gangara gefe da kamar santimita 2.5 a kowace mita, domin ruwan sama ya sauka da sauri. Titin da ya daɗe yana shan kaya ya rasa wannan doron. Tayoyin tirela sun yi masa kwari biyu a kowane hannu, wani gefen ma ya lotsa. In aka zo aka zuba kwalta mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, sabuwar za ta bi karkatar tsohuwar ne sak. Ruwa ya kwanta inda ya saba kwanciya, ya sami tsaga ya shige ƙasa, jar ƙasar da ke ɗauke da titin ta jiƙe ta yi laushi, tirela ta farko da ta taka ta fara haƙa ramin.

A cikin gari kuwa matsalar ta fi haka ciwo. Duk wanda ya san tsofaffin unguwanninmu ya ga inda aka yi ta ɗora kwalta kan kwalta har titi ya fi ƙofar gida da bakin shago tudu, lambatu ya nutse, ruwan da ya kamata ya bi magudana ya koma zaure. Talakan da ke kwashe ruwa da bokiti cikin dare bai san cewa a wurin zane aka cuce shi ba. Alhali a manhaja abu ne mai sauƙi injiniya ya ɗaure tsayin bakin titi a inda yake, ya ce kada ya ƙaru, ita kuma ta lissafa zurfin da za a kankare. Haka nan a ƙarƙashin gada, inda kowace sabuwar shimfiɗa ke rage sararin da doguwar mota za ta wuce.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne na fi ganin amfanin abin ga ƙasa irin tamu. Hannu ɗaya na babbar hanya faɗinsa mita 7.3 ne. Kaurin santimita 1 kacal a tsawon kilomita 1 ya kai kwalta kusan tan 175. A tsawon kilomita 100, tan 17,500 ke nan. Ɗan kwangilar da ya rage santimita ɗaya, ba idon da zai gane a ranar bikin buɗe hanya, amma dukiyar da ta salwanta ba kaɗan ba ce, shekarun titin ma sun ragu. Idan akwai awon farko a ajiye, aka sake auna titin bayan an gama, aka kuma huda shi a wurare daban-daban aka ciro samfuri, gardama ta ƙare. Za a san abin da aka zuba, a biya daidai shi.

Amma kada a ɗauka kwamfuta ce magani. Manhajar zane saman titi take gani, ciwon kuwa sau tari a ƙasa yake. Sanin ko titi zai iya ɗaukar sabuwar shimfiɗa sai an gwada ƙarfinsa: akwai na'urar da ke sako nauyi a kan kwalta ta auna yadda ta lotsa, akwai tsohon ma'aunin Benkelman da ake sawa tsakanin tayoyin babbar mota mai kaya, akwai kuma haƙa rami a gefen hanya a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji. Inda kwalta ta tsattsage gida-gida, alama ce tushen ya gaji, kuma tsagar da aka rufe da sabuwar kwalta takan biyo ta sama ta sake fitowa. Kowane magini ya san yaɓe ba ya riƙe katangar da ruwa ya cinye gindinta. A yankunan Borno da Adamawa da ke da baƙar laka mai kumbura da damina, ta daddare da rani, duk kyan zanen da bai fara da gwajin ƙasa ba asara ce.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 375, ta nuna inda jinkiri ke kai mu. A lokacin da aka ba kamfanin Julius Berger aikinta a ƙarshen 2017, ta riga ta wuce a yi mata shimfiɗa a sama. Sai da aka kankare tsohuwar kwaltar, aka niƙe ta, aka sake sarrafa ta ta zama sabon tushe. Dabara ce mai kyau, amma aikin sake gini ne, mai cin kuɗi da shekaru, kuma matafiya sun ɗanɗana kuɗarsu a tsawon wannan lokaci. Titi yana da lokacin da shimfiɗa mai sauƙin kuɗi za ta cece shi. Gano wannan lokaci, da sanin wace hanya ce za a fara da ita idan kuɗi bai isa duka ba, shi ne aikin manhajar HDM-4, wadda ta samo asali daga binciken Bankin Duniya a ƙasashe irin su Kenya da Brazil da Indiya. Ita ma ba ta da abin faɗa sai an riƙa ba ta bayanin halin da hanyoyi ke ciki shekara bayan shekara.

Akwai kuma nauyin kaya, wanda nan ne lissafinmu ya fi zamewa. Yawancin ƙa'idojin ƙayyade kaurin titi sun samo tushe daga wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960. Abin da ya fito daga gwajin shi ne, ɓarnar da layin taya, wato tayoyin hagu da dama da ƙarfe ɗaya ya haɗa, ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. In nauyin ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Ƙa'idar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 ga layin taya guda mai jan mota. To wa ya auna abin da tirelolin siminti da hatsi da tankokin mai ke ɗorawa a zahiri? Injiniyan da ya ƙirga motoci kawai, ya shigar da nauyin da doka ta ce a maimakon wanda ke bin hanyar, manhaja za ta ba shi kauri, lissafinta kuma babu kuskure, amma titin ba zai kai shekarun da aka rubuta masa ba. Ga shi kuma yanayin Illinois na ƙanƙara ne, namu na rana mai narkar da kwalta da mamakon ruwan Agusta, don haka dole a daidaita alkaluman da ƙasarmu. Wannan aiki ne da ya dace a ɗora wa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI da sassan injiniyanci na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, a kuma ba su kuɗin yinsa.

Na san za a ce lasisin waɗannan manhajoji da dala ake biya, na'urorin awo ma haka. Gaskiya ne, kuma ba na cewa duk facin da hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA za ta yi wa rami sai an kunna kwamfuta. Amma a aikin kilomita 50 ko 100, kuɗin awo da zane bai kai na ɗan guntun kwaltar da za a zuba ba. Abin da ke tayar min da hankali fiye da tsada shi ne zanen ofis: a zauna a Abuja ko Kaduna, a kwafo alkaluman wata hanya daban, a buga taswira mai launi, a kai wa kwamishina. Irin wannan ya fi aikin ka haɗari, domin yana sa wanda ba injiniya ba ya yi shiru alhali yana da tambaya.

Tun 2023 Ministan Ayyuka David Umahi yake ƙarfafa gina titunan siminti, ana ta muhawara a kan wanne ya fi. A ganina amsar tana sauyawa daga wannan yanki na hanya zuwa wancan, gwargwadon ƙasar wurin da kayan da ke bi, kuma dubban kilomitocin kwaltar da muke da su za su ci gaba da neman gyara ko da wane ɓangare ya yi rinjaye.

Saboda haka a rubuta cikin kwangila cewa awon farko, da sakamakon gwajin ƙasa, da na nauyin motoci, da ainihin fayil ɗin zanen, mallakar ma'aikata ne, ba na ɗan kwangila ko kamfanin tuntuɓa ba. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ya sa hannu da sunansa a kan kowane awo. Wanda zai auna aikin bayan an gama ya zama ba shi ne ya yi shi ba. A kuma wallafa taƙaitaccen bayani a shafin ma'aikatar: daga kilomita kaza zuwa kaza, kauri kaza, shekaru kaza ake sa ran zai yi, ta yadda 'yan majalisa da 'yan jarida da ƙungiyoyin direbobi za su sami abin riƙewa ranar da suka je neman ba'asi.