Sunan Ertugrul ba Larabci ba ne

Malam, kai da ka tambaya a ƙarƙashin wannan labari na bikin tunawa da Ertugrul (mahaifin wanda ya kafa Daular Usmaniyya) a garin Sogut na ƙasar Turkiyya ko sunan na Larabawa ne, a'a, Turkanci ne tsantsa. Kalma biyu aka haɗa. "Er" na nufin namiji, jarumi ko mayaƙi. "Tugrul" kuwa wani tsuntsu ne mai farauta, dangin shaho, wanda tsoffin Turkawa ke girmamawa ƙwarai. Mutanen makiyaya ne masu dawakai, shi ya sa sunayen mazansu suka cika da zaki da ƙarfe da tsuntsayen farauta: Arslan zaki, Demir ƙarfe.

Tun kafin shi ma akwai mai rabin sunan, wato Tugrul Beg, sarkin daular Turkawa ta Saljuƙawa da ya shiga Bagadaza a 1055.

Amma fa kada fim ɗin nan na Turkiyya mai dogon zango a kan rayuwar Ertugrul ya ruɗe mu. Abin da tarihi ya tabbatar a kan Ertugrul ɗan kaɗan ne, ba ya cika cokali. Hujja mafi ƙarfi wani ɗan tsabar kuɗi ne da aka buga a zamanin ɗansa, an rubuta "Usman bin Ertugrul" a jikinsa. Usman ɗin nan shi ya kafa Daular Usmaniyya. Sauran yawanci labarai ne da aka rubuta bayan shekaru fiye da ɗari da rasuwarsa. Kabarinsa dai yana nan Sogut, can ake yin taron a watan Satumba.